Tambaya da Amsa: An gyara hanyar dutsen da gobara ta ci, in hau ko in haƙura?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Tun da muka taɓo zancen motsa jiki a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma abin da ya burge ni da yawansu a kan hawan dutse ne, abin da a da in ka ce za ka yi a Kano sai a tambaye ka me ka ajiye a can sama. Na ɗebo guda huɗu, na farkon shi ya ci mana wuri don akwai magana a cikinsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina zaune a Rijiyar Zaki, sana'ata gyaran waya. Yayana yana aiki a Portland ta jihar Oregon a Amurka, Allah ya sa na samu biza zan je wajensa cikin Nuwamba in sha Allah. Ya ce zai kai ni hawan wani dutse wai shi Angel's Rest, in na yi ƙoƙari kuma mu je wata hanya Eagle Creek. To da na duba hotunan wajen sai na ga itatuwa baƙi ƙirin a tsaitsaye ba ganye, na tambaye shi ya ce ai gobara aka yi shekarun baya amma an gyara an buɗe, kowa hawa yake. Umma da ta ga hoton ta ce ba da yawunta ba. Ni kuma gaskiya ban taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba. Don Allah wajen da ya ƙone yana da hatsari ne ko tsoro ne kawai?
Daga wani matashi, Rijiyar Zaki

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Ni dai shawarata ka je, wajen ya isa a gani, amma ka riƙe abu ɗaya a ranka, hanyar ce aka gyara, shi dutsen da ke samanta har yanzu warkewa yake yi, kuma wannan aikin shekaru ne masu yawa da ba wanda zai yi masa da shebur.

Bari in ba ka labarin wajen don ka samu abin faɗa wa Umma. Ranar 2 ga Satumba 2017 wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta, irin su nokawut ɗin nan da yaranmu suke fasawa da sallah, cikin kwazazzabon Eagle Creek, a lokacin da daji ya bushe ƙayau har hukuma ta hana kunna wuta. Wutar ta ci kusan eka dubu 50, wajen hekta dubu 20 kenan, iska ta kwashi garwashi ta tsallaka da shi kogin Columbia ya kama a ɗaya gaɓar cikin jihar Washington, aka rufe babban titin da ya bi gefen kogin, toka ta dinga zuba a cikin garin Portland da yayanka yake. Kusan mutum 150 da suka je yawon shan iska ranar wuta ta tare musu hanyar komawa, a daji suka kwana washegari aka fito da su ta wata doguwar hanya. Sai ƙarshen Nuwamba aka ce an shawo kanta. A 2018 kotu ta yanke wa yaron biyan diyyar sama da dala miliyan 36 da aikin al'umma na awa 1,920. Kai ka ji fa, wasan minti ɗaya.

Angel's Rest an sake buɗe ta a ƙarshen 2018. Ita kuwa Eagle Creek sama da shekara uku ta yi a rufe, aka buɗe ta ranar 1 ga Janairu 2021, ko wata ba a rufa ba ruwan sama mai ƙarfi ya zaftaro ƙasa da itatuwa a kanta aka sake rufewa, sai cikin Yuli na shekarar aka kuma buɗewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da nake nufi.

Kuma aikin da aka yi ba ƙarami ba ne wallahi, ina jinjina musu. Ma'aikatan hukumar gandun dajin Amurka da masu aikin sa kai na ƙungiyoyi irin su Trailkeepers of Oregon su suka bi hanyoyin taku bayan taku, suna sare gungumen da suka faɗo, suna kwashe tsakuwa, suna sake gina bangon dutse a inda gefen hanya ya ɓalle, suna yanka 'yan magudanai don ruwa ya tsallake hanya maimakon ya bi ta ya mai da ita kwata. A can cikin dajin da doka ta keɓe ba a yarda a shiga da injin yankan katako ba, sai zarton hannu irin na mutum biyu wannan ya ja wancan ya ja, gadojin da suka lalace kuwa jirgi mai saukar ungulu ne ya kawo sababbi. To duk wannan a kan abin da ƙafarka za ta taka aka yi shi. Ba wanda zai iya bin dubban matattun itatuwan da ke kan gangare ya sare su duka, ba a ma so a yi, tsuntsaye da ƙwari a cikinsu suke rayuwa, in sun faɗi kuma su ne takin sabon daji.

Saboda haka hatsari na farko daga sama yake zuwa. Itacen da wuta ta kashe ba nan take yake faɗuwa ba, yana iya yin shekara biyar, goma, har fiye a tsaye, saiwarsa tana ruɓewa a hankali a ƙarƙashin ƙasa, wata rana iska ta kaɗa ko ƙasa ta jiƙe sai ya taho gaba ɗaya, ko wani ƙaton reshe ya ɓalle, wani sa'in ba ko ƙara. Don haka in za ku zauna hutawa ko cin abinci ka ɗaga kai tukuna, kar ka zauna a gindin busasshen itace, kar ka jingina da shi, kar ka kama shi don ka ja jikinka sama. Ranar da ake iska mai ƙarfi kuma ku fasa kawai, kwarin kogin Columbia sananne ne da iskar gabas mai tsanani musamman daga kaka zuwa hunturunsu, lokacin da za ka je kenan.

Na biyu ruwan sama, kuma nan ne mutane suka fi rainawa. In wuta ta yi zafi sosai tana narka wani maiƙo da ke cikin ganyaye ya shige ƙasa ya daskare, sai ƙasar ta daina shan ruwa, in aka yi ruwa sai ya gangaro kamar yadda yake gangarowa daga kwanon rufi zuwa indararo, yana tafe yana kwasar toka da laka da duwatsu da gungume har ya zama wani kauri mai gudu da ba a tsere masa da ƙafa. A Montecito ta jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Janairu 2018, makonni kaɗan bayan gobarar da ta ci tsaunukan da ke saman garin, ruwa kimanin milimita 13 ya sauka cikin minti biyar, lakar da ta gangaro ta kashe mutum 23, da yawansu suna barci a gidajensu. Wannan nau'in ya fi yawa a shekara biyun farko bayan wuta, ya riga ya ragu a inda za ka. Amma akwai na bayansa, saiwoyin matattun itatuwa su ne suke riƙe da ƙasar gangare, in suka gama ruɓewa kafin na sababbi su yi ƙarfi sai ƙasa ta zaftare bayan an kwana biyu ana ruwa. Ga kuma gansakukar da a da take lulluɓe da tsakuwa tana riƙe ta, wuta ta cinye, shi ya sa duwatsu suke mirginowa. Nuwamba kuwa watan ruwa ne sosai a Oregon. To dokarka ita ce in ana ruwa mai ƙarfi, ko an yi shi jiya da shekaranjiya, ku ɗaga tafiyar. In kuna kan hanya ka ga ruwan rafi ya rikiɗe ya zama laka farat ɗaya, ko ka ji wata rugugi daga sama, kar ka tsaya ɗaukar bidiyo, ka fita daga kwarin ka hau gefe.

Yanzu ita hanyar kanta. Angel's Rest zuwa da dawowa wajen kilomita 7 da rabi ne, hawan kuma kimanin mita 450. Dala tana kan mita 534 daga saman teku amma ita kanta Kano ai a kan tudu take, abin da kake hawa daga gindin Dala zuwa samanta bai kai mita 100 ba, ka ga kenan Dala ce sau da yawa a jere ba sauka. Akwai wani lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan Sukotlan mai suna William Naismith ya fitar tun 1892 har yau ana amfani da shi, awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. In ka buga za ka samu awa biyu da kwata, to wannan na wanda ya saba ne, kai ka ware awa uku da rabi ko huɗu. Kuma ka lura a ƙarshen Nuwamba wajen ƙarfe huɗu da rabi rana take faɗuwa a can, mu da muka saba magariba ba ta gaza shida wannan yana yaudararmu, ku fita da sassafe, ka sa tocila a jaka ban da ta waya.

Hanyar lanƙwasa take tana hagu tana dama don a rage tsayuwar hawan, za ka ga inda wasu suka yanke suka miƙe, don Allah kar ka bi su. A ƙasar da ta ƙone sawun mutum goma ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, damina ɗaya ya zama rami ya cinye aikin da mutane suka yi wata da watanni a kai kyauta. Ban da haka a gefen hanya akwai ramukan da kututture ya ci wuta har cikin saiwa ya bar kogo, sama ciyawa ta rufe, ka zurma ƙafa ka karye. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke son wuraren da rana ta samu shiga bayan gobara, in ya taɓa fata ƙuraje da ƙaiƙayi ne na sati biyu ko fiye, ko ganyen ya zube sandar ma tana yi, ka ce yayanka ya nuna maka shi, ka sa dogon wando.

Eagle Creek ita ba ta kai Angel's Rest tsayuwa ba, matsalarta daban, tun wajen 1915 aka fasa ta da nakiya a jikin dutse, akwai wuraren da faɗinta kaɗan ne, hagunka bango da igiyar ƙarfe ta kamawa, damanka rami mai zurfi. In kana da jiri in ka leƙa ƙasa daga bene to ka bar ta sai wani zuwan. Kafin ku fita ko wace ce ku duba shafin hukumar gandun dajin a ranar, don suna rufewa suna buɗewa, in an sa shinge an ce a rufe take to a rufe take, ba a roƙon maigadi a can, tara ce. Lambar gaggawa 911, sai dai netwok yana ɗaukewa a cikin kwari, ku faɗa wa wani a gida inda za ku da lokacin dawowa.

Kar duk wannan ya sa ka zaci toka za ka je gani. Fiye da rabin yankin wutar sama-sama ta bi shi ko ma ba ta taɓa shi ba, inda ta ci sosai kuma yanzu ƙananan itatuwa da ciyayi sun taso sun rufe ƙasa, ga shi rassan da suke tare ido sun tafi, kana hawa kana hango kogin shimfiɗe a ƙasa. Ganin yadda Allah yake raya ƙasa bayan mutuwarta da idonka, wannan kaɗai ni a wajena ya isa dalilin zuwa.

Maganar Umma kuma, ka zauna ka karanta mata wannan, ka yi mata alkawarin ba hawa ranar ruwa ba hawa ranar iska, yayanka ya kira ta ya faɗa da bakinsa. In ta sa albarka shi kenan. In ta tsaya a kan a'a to ka haƙura ƙanina, hawan dutse ba farilla ba ne, magangarar ruwan Multnomah mai tsawon mita 189 tana nan kusa, daga inda ake ajiye mota ma kana kallonta.

TAMBAYA: Malam ni shekarata 54, ɗan kasuwa ne a Kwari, ina da hawan jini amma ina shan magani. 'Yata tana karatu a Cape Town za mu je bikin kammalawarta, tana so mu hau Table Mountain da ƙafa, na ji kuma an yi gobara a can. Ya zan shirya jikina a nan Kano?
Daga wani Alhaji, Gwammaja

AMSA: Alhaji ina gaisuwa, Allah ya sanya alheri ya sa ta amfani abin da ta karanta. Gobarar da kuka ji babbar ita ce ta Afrilu 2021, ta taso a gefen Devil's Peak ta gangaro har jami'ar Cape Town ta ƙone ɗakin karatu na Jagger inda ake ajiye tarin littattafai da takardun tarihin Afirka, asarar da har yau in na tuna raina yana ɓaci. Amma ciyayin wannan dutsen irin waɗanda suka saba da wuta ne, wasu ma irinsu ba ya tsirowa sai ya sha hayaƙi, saboda haka suna farfaɗowa da wuri, kuma gajeru ne, matsalar faɗowar itace ba ta kai ta Amurka ba. Matsalarku rana ce da tsayuwar hawa da gajimaren da yake rufe saman dutsen ba sallama. Dutsen ya haura mita 1,080, hanyar da aka fi bi, Platteklip, matakalar duwatsu ce a miƙe wajen mita 700 cikin ƙasa da kilomita uku, inuwa kaɗan ce.

Farko dai ku ga likitanku ku faɗa masa ainihin abin da za ku yi, ya auna ku ya ce eh ko a'a, wannan ba a tsallake shi. In ya yarda ku ba kanku wata biyu zuwa uku. Ku fara da tafiyar minti 30 bayan asuba kafin rana ta yi zafi, bayan sati biyu ku haɗa da matakala, benen gida ko na kasuwa ya wadatar, daga baya ku koma Dala ko Goron Dutse sau biyu a sati ku hau ku sauko ku sake hawa, da jaka a baya mai robar ruwa biyu a ciki. Ma'aunin shi ne ku iya magana kuna tafiya, in numfashi ya hana ku haɗa jimla kun yi sauri. Ciwon ƙirji, jiri, ko ganin duhu-duhu, a tsaya nan take a nemi asibiti. Ku riƙa yin atisayen da takalmin da za ku hau da shi, sabon takalmi ranar hawa bororo ne kawai. Kuma saukowa ta fi cin gwiwa nesa ba kusa ba, a nan aka fi zamewa don ƙafa ta riga ta gaji, to alhamdu lillahi dutsen yana da motar igiya, ku hau da ƙafa ku sauko a cikinta, sai dai ana tsayar da ita in iska ta yi yawa, ku tabbatar tana aiki kafin ku fara. In likita ya ce a'a ku shiga motar zuwa da dawowa, saman dai ɗaya ne. Ku tafi cikin jama'a, kar ku bi hanyar da ba kowa ku biyu.

TAMBAYA: Malam mu wasu abokai ne mu takwas 'yan unguwa ɗaya, duk wata muna fita hawan dutse, mun yi Dala mun yi Goron Dutse mun je Kufena a Zariya. Yanzu muna so mu je duwatsun wajen Riruwai cikin Janairu, amma wani ɗan can ya ce mana duk an cinna wa dajin wuta a lokacin. Wasu cikinmu sun ce ai gara ma haka, ba ciyawa ba maciji hanya fes. Haka ne?
Daga wasu matasa, Ɗorayi

AMSA: Samari sannunku, wallahi kun burge ni, Allah ya ƙara haɗa kanku. Rabin maganar abokan naku gaskiya ce, in gamba ta ƙone kana ganin inda za ka sa ƙafa. Wutar dajinmu kuma ba irin ta Oregon ba ce, tamu ta ciyawa ce, tana wucewa da sauri, itatuwanmu irin su kaɗanya da kirya da ɗorawa da taura ɓawonsu mai kauri ne sun saba da ita, bayan 'yan makonni ma za ku ga sabon toho ya fito kore shar a cikin baƙin. Amma zancen ba maciji ku bar shi. Wanda wuta ba ta kashe ba ina ya tafi? Cikin tsagar dutse da ramuka da ƙarƙashin falalen duwatsu, daidai inda mai hawa yake cusa hannu ya kama. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma ita ce ta fi kashe mutane a arewa, asibitin Kaltungo a jihar Gombe da ita ya yi suna. Kar wanda ya sa hannu inda idonsa bai gani ba, ku sa takalmi mai rufe idon sawu, silifas da kambas mai santsi a bar su a gida. In tsautsayi ya faɗa ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya, a kwantar da mutum a hana shi motsa wajen a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi, ku san wane ne mafi kusa tun kafin ku bar Kano.

Abin da ya fi damuna ma wutar da ba ta riga ta ci ba. Janairu tsakiyar hunturu ne, ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, masu farautar gafiya da zomo suna cinna wuta daga gindin dutse ba su san akwai mutane a sama ba. Wuta kuma ta fi gudu in tana hawa, don harshenta yana gasa ciyawar da ke gabanta tun kafin ta iso, masana suna lissafin duk ƙarin digiri 10 na gangare gudunta yana ninkawa. A 1949 a wani kwari da ake kira Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka 'yan kwana-kwana 13 suka mutu, wuta ta cim musu suna gudu sama, ƙwararru fa matasa majiya ƙarfi. Don haka in kun hango hayaƙi a ƙasanku kar ku yi sama cikin ciyawa, kar ku shiga kwari, ku yi gefe ku nemi falalen dutse mai faɗi da ba ciyawa ko wajen da ya riga ya ƙone ya huce. Ku ma kanku ba shisha ba sigari ba gashin nama a kan dutse, in shayi ne ku zo da shi a fulas.

Sai ƙananan abubuwa, ba inuwa a ƙonannen daji ko kaɗan, kowa ya riƙe ruwa lita uku, ruwan leda dai ku dawo da ledarku. Toka da ƙurar hunturu in suka haɗu suna tayar da asma, mai ita ya zo da abin shaƙarsa da takunkumi. Kututturen da ya ci wuta yana iya kwana da kwanaki yana ci a ciki, farar toka mai laushi kar a taka. In kuma kuka ɗaga tafiyar zuwa farkon damina ku tuna ruwan farko a kan ƙasar da ba ciyawa da ƙarfi yake gangarowa, kar ku zauna a busasshen rafi in hadari ya haɗo ko da a nesa ne.

Riruwai tana ƙaramar hukumar Doguwa, hanyar ta ratsa dajin Falgore, tsohon wajen haƙar kuza ne saboda haka akwai tsofaffin ramuka. Ku yi tafiyar da rana, ku tambayi halin tsaro a satin da za ku, in kun isa ku fara zuwa gaida dagaci ko mai unguwa ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora ku sallame shi da kyau, shi ya san inda mafarauta suka nufa ranar.

Kuma tunda ku takwas ne masu ƙarfi ga wata shawara. Can da na ba da labari mutanen gari ne suka fito ranakun hutunsu suka gyara hanyoyin da hannunsu. Mu nan ga Dala a tsakiyar gari, inda tarihin Kano ya faro tun zamanin Barbushe, zaizaya tana cin gefenta, shara da leda ko'ina, abin yana min ciwo. Ku je wajen masu unguwannin da ke kewaye da hukumar da ke kula da wajen ku nemi izini, ko Asabar ɗaya a wata ku ɗauki buhu da tsintsiya, in kun fara ku turo mana hoto za mu buga.

TAMBAYA: Malam ni mace ce ina sha'awar bin yayyena hawan dutse amma ban san wace shiga zan yi ba da ba zan bar suturata ba. Kuma ya ake da sallah in lokaci ya yi a sama?
Daga wata ɗaliba, Kabuga

AMSA: Ƙanwata ki bi su, ba abin da zai hana. Abin gudu shi ne duk abin da yake jan ƙasa, doguwar abaya ko zani ko hijabi har ƙasa, don a wajen hawa kina ɗaga ƙafa za ki taka bakinsa, a wajen da ya ƙone kuma tsinin kututture da ƙaya suna kama yadi. Ki sa wando mai faɗi mai kauri, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa ko ta ɗan wuce, hijabi madaidaici da ya tsaya a ƙugu wanda ba ya rufe miki ganin ƙafarki, ki ɗora hular rana a kai in kina so. Fararen kaya za su dawo baƙi da gawayi, ki zaɓi masu duhu kaɗan marasa nauyi. Jakar baya ki ɗauka don hannuwanki biyu su zama a sake, dogon hijabinki yana ciki in an sauko ki zura.

Sallah kuma ku yi alwala tun daga ƙasa, ku ƙara robar ruwa ɗaya ta alwala daban da ta sha, kar ku dogara da ruwan da ya kwanta a wajen da ya ƙone don toka ta gurɓata shi. Ku nemi wuri shimfiɗaɗɗe nesa da bakin rami da gindin busasshen itace, ki buga dardumarki ki duba ƙarƙashin duwatsun wajen saboda kunama. In kun fita bayan asuba ma yawancin duwatsunmu na kusa kafin azahar kun sauko.

Masu tambaya a kan ciwon gwiwa da irin takalmin da ya dace, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.